Jaridar da ta jefa mai sharhinta a kogi

A watan Agusta na 1855 wani mai wa'azin Kirista mai suna Pardee Butler ya shigo garin Atchison, a gaɓar kogin Missouri, yana jiran jirgin ruwan da zai kai shi Illinois ya ɗauko iyalinsa. Kafin jirgi ya zo sai ya leƙa ofishin jaridar garin, ya sayi 'yan kwafi don ya nuna wa mutanen gida. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari daga baya, yana biyan kuɗi ya gaya wa mutumin da ya miƙo masa jaridar cewa da tuni ya shiga sahun masu karɓarta duk mako, abu ɗaya ne ya hana shi, wato yadda take ingiza mutane su zubar da jini. Mutumin da ya gaya wa haka shi ne Robert S. Kelley, ɗaya daga cikin editocinta biyu, wanda kuma shi ne ke riƙe da gidan waya na garin. Washegari Kelley ya same shi a masauki da gungun mutane, suka miƙa masa wata takarda ta goyon bayan bauta suka ce ya sa hannu. Ya ƙi. Suka ja shi bakin kogi, suka zana masa harafin R a goshi, farkon kalmar Turanci da ke nufin tantiri, suka ɗora shi kan gungumen itace biyu da aka haɗe, suka tura shi tsakiyar ruwa.

Bai nutse ba. Ya samu ya fita gaɓa bayan 'yan mil. Amma tunda na zauna rubuta sharhi a kan wannan jarida, ya kamata in fara da gaishe da wanda ya riga ni, domin abin da Butler ya faɗa a ofishin nan sharhi ne na mai karatu, a jimla ɗaya, kuma har yau ban ga inda ya kuskure ba. Abin da nake so in ƙara a kai shi ne tambayar da shi bai samu sukunin yi ba: wannan zafin, wa ake sayar wa?

Sunan jaridar Squatter Sovereign. Idan aka juya shi da Hausa zai ba da wani abu kamar ɗan kama-wuri-zauna mai cikakken iko. Ta fara fitowa ran 3 ga Fabrairu, 1855, mako-mako, shafi huɗu. Ni kuwa sana'ata rubuta manhaja ce, kuma ta nan na ci karo da ita. Ina gwada wani ɗan shiri da na rubuta mai karanta hoton rubutu ya mayar da shi baƙaƙe, ina neman tsofaffin shafuka masu dusasshen tawada da za su wahalar da shi, sai na shiga rumbun Chronicling America na ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka, inda aka ajiye hotunan tsofaffin jaridu kyauta. Shirin nawa ya sha kashi. Dole na riƙa buɗe hoton da kaina ina duba inda ya ɓata, daga dubawa na koma karatu, aikin da na zo yi ya kwana.

Ga wanda bai san labarin wurin ba, a taƙaice haka yake. A lokacin Kansas ba jiha ba ce tukuna. Yanki ne a bakin iyakar yamma, a hannun gwamnatin tarayya, ita ke naɗa masa gwamna da alƙalai. Dokar Kansas da Nebraska, wadda Sanata Stephen Douglas ya jagoranta, Shugaba Franklin Pierce ya sa mata hannu ran 30 ga Mayu, 1854, ta ce mazauna yankin ne za su zaɓa da kansu ko za a riƙa mallakar bayi a can ko ba za a yi ba. A takarda abin ya yi kama da adalci. A ƙasa kuwa gasar tsere aka buɗe: duk ɓangaren da ya fi cika wurin da mutanensa shi zai ci. Daga gabas, ƙetaren kogi, akwai jihar Missouri mai bayi. Daga nesa, a New England, aka kafa kamfanin taimaka wa masu ƙaura don a tura waɗanda ba sa son bauta. Mutanen Missouri suka kafa Atchison da Leavenworth, mutanen kamfanin suka kafa Lawrence.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne jaridu sun riga garuruwan zuwa. Jaridar Turanci ta farko a yankin, Kansas Weekly Herald, ta fito a Leavenworth ran 15 ga Satumba, 1854, kuma a ƙarƙashin bishiya aka jera baƙaƙenta saboda ba a gama ginin da za a sa na'urar ba. Fitowar farko ta Herald of Freedom, jaridar Lawrence, a Pennsylvania aka buga ta, editanta George W. Brown bai ma taso ba tukuna, amma a samanta an rubuta Kansas. Jaridar da ba ta da garin da za ta ba da labarinsa, me take bugawa? Ruwa ba ya tsami banza. Waɗannan garuruwa kamfanoni ne kafin su zama garuruwa. Wasu mutane ne suka haɗa kuɗi, suka yanka fili fuloti-fuloti, suka zauna jiran masu saye. Fuloti a daji ba shi da daraja sai wani a Kentucky ko Ohio ya karanta cewa nan ne birnin gobe. Kamfanin da ya kafa Atchison, na mutanen gundumar Platte ta Missouri, shi ya ba Dakta John H. Stringfellow da Kelley kuɗin kafa maɗaba'a, kuma Stringfellow ɗin yana cikin masu kamfanin. Garin ma sunan Sanata David Rice Atchison aka sa masa, jagoran masu son bauta a wannan iyaka.

Idan mutum ya riƙe wannan a zuciyarsa, shafukan sai su karantu daban. Murya biyu ce a cikin jaridar, kuma ba sa jin kunyar zama kusa da juna. Ɗaya muryar dillali ce. Tana yabon ƙasar noma, tana yabon mashigar jirgin ruwa, tana tunatar da kai cewa Atchison na zaune a inda kogin Missouri ya fi lanƙwasawa yamma, don haka duk mai fatauci zuwa Utah nan ya fi masa kusa. Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, domin a 1855 ayarin mabiya ɗariƙar Mormon sun yi sansani kusa da garin kafin su kama hanya. Ɗaya muryar kuwa ta mai shelar yaƙi ce. Makonni kaɗan bayan abin da aka yi wa Butler, jaridar ta rubuta cewa za su ci gaba da ratayewa, da shafa kwalta, da nutsar da duk mai rajin 'yanta bayi da ya kuskura ya taka ƙasarsu. Ba a ɓoye aka faɗa ba, ba kuma da habaici ba.

Ta fuskar rubutu zalla, dole in faɗi abin da ba na son faɗa: muryar yaƙin ta fi muryar dillalin iya magana. Tallan fulotin duk ɗaya ne da na kowace jaridar bakin iyaka, kana iya cire sunan Atchison ka sa na wani gari ba wanda zai lura. Amma idan edita ya juya kan abokan gaba sai alƙalaminsa ya farka. Jimlolin su gajarce. Aikatau su jeru ɗaya bayan ɗaya, kowanne abu ne da ake yi wa jikin mutum. Ba ya tsayawa kawo hujja, don hujja tana nuna akwai wanda ake son a shawo kansa, shi kuwa ba ya neman shawo kan kowa. Makaminsa mafi kaifi shi ne kalmar "mu". Wannan "mu" ba ta taɓa bayyana ko su wane ne. Wani lokaci editocin biyu ne, wani lokaci mutanen Atchison, wani lokaci Kudancin Amurka baki ɗaya, kuma tana zamewa daga wannan zuwa wancan a cikin sakin layi guda, har mai karatu a Alabama ya ji kamar da shi aka tura Butler cikin ruwa. Ɗaya dabarar ita ce lokaci mai zuwa. Jaridar ba ta cika ba da labarin abin da ya faru ba kamar yadda take alkawarin abin da za a yi. Wanda ya saba sauraron sojojin baka a gidajen rediyon Kano zai gane salon nan take, ko da yake namu galibi a baki suke tsayawa.

Su ba su tsaya a baki ba, kuma nan ne sunan jaridar ya zama abin dariya mai ɗaci. Sunan yana cewa wanda ya zauna a ƙasar shi ke da iko da ita. Ƙidayar farkon 1855 ta sami masu ikon jefa ƙuri'a 2,905 a yankin. A zaɓen majalisar yankin na ran 30 ga Maris, ƙuri'un da aka jefa sun haura 6,000, domin dubban mutanen Missouri sun ƙetaro da makamai, sun jefa, sun koma gida. Jaridar ɗan kama-wuri-zauna ta tsaya bayan waɗanda ko kwana biyu ba su zauna ba. Majalisar da wannan zaɓe ya haifar ta naɗa Dakta Stringfellow kakakinta. A ƙarƙashin shugabancinsa aka yi dokar da ta ce duk wanda ya faɗa ko ya rubuta ko ya buga cewa ba a da ikon mallakar bayi a Kansas ya aikata babban laifi, hukuncinsa ɗaurin aƙalla shekara biyu da aiki mai tsanani. Edita ne ya zauna a kujerar kakaki aka haramta wa editoci rubutu. Na karanta wannan sau da yawa ina neman inda jaridar za ta nuna ko ɗan ɗar-ɗar, kasancewar ita ma da tawada take ci. Abin da na fahimta shi ne ba ta ɗauki kanta 'yar'uwar sauran jaridu ba. Ta ɗauki kanta reshen rundunar da take wa aiki.

Kogunan yankin sun ci na'urorin ɗab'i a wannan shekara. A Afrilun 1855 aka jefa na'urar wata jarida ta Parkville, a Missouri, cikin ruwa saboda ta soki maguɗin zaɓen. A Disamba aka yi wa Territorial Register ta Leavenworth haka.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi jan hankalina a matsayin mai aikin kwamfuta. Ta yaya 'yar jaridar ƙauyen da bai wuce 'yan ɗaruruwan mutane ba ta zama abin magana a Boston da New York? Amsar tana cikin dokar gidan waya ta 1792, wadda ta ba masu buga jaridu damar aika wa junansu kwafi kyauta. Kowane edita yana karɓar tulin jaridun wasu garuruwa, ya ɗauki almakashi ya yanko abin da ya ga dama ya sake bugawa, wani lokaci da sunan inda ya samo, wani lokaci babu. Babu haƙƙin mallaka da ya hana. A yau akwai wani aikin bincike mai suna Viral Texts, wanda aka fara a jami'ar Northeastern, da ke amfani da kwamfuta wajen bin sawun yadda rubutu guda ya riƙa yawo daga jarida zuwa jarida a ƙarni na 19. Wanda ya san yadda ake tura saƙo daga zaure zuwa zaure a WhatsApp ya riga ya san tsarin, bambancin kawai saurin tafiya.

A irin wannan tsari ba rubutu mai hankali ne ke tafiya nesa ba. Wanda almakashi zai so ne. Kuma almakashin da ya fi son Squatter Sovereign ba na masoyanta ba ne. Jaridun Arewa masu adawa da bauta, irin su New-York Tribune ta Horace Greeley, ba abin da suke buƙata kamar shaida daga bakin abokin gaba. Ba sai sun ce mutanen iyakar Missouri 'yan ta'adda ba ne, ga editansu yana faɗa da kansa. Kowace barazanar ratayewa da Kelley ya jera da baƙaƙen dalma a Atchison sai ta zama kayan tara kuɗi da bindigogi a majami'un New England. Ita kuma Squatter Sovereign sai ta yanko zagin da aka yi mata ta buga, ta nuna wa masu karatunta na Kudu cewa ga ta a bakin daga ita kaɗai, a turo mutane a turo kuɗi. Kowane ɓangare yana ciyar da ɗan'uwansa. Na taɓa aiki a kan manhajar da ke auna abin da mutane suka fi latsawa, na kuma ga yadda marubuci ke koyon abin da ma'aunin ke so ba tare da kowa ya gaya masa ba. Ba na jin Kelley yana buƙatar allon lissafi kafin ya gane wace jimla ce ke dawo masa a jaridu goma.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Samuel J. Jones, babban jami'in doka na gundumar Douglas, mai tsananin goyon bayan bauta. Ran 23 ga Afrilu, 1856, wani ya harbe shi da dare a Lawrence. Ya ji rauni, bai mutu ba. Squatter Sovereign da 'yan'uwanta na bakin iyaka suka shelanta cewa an kashe shi, suka yi kiran ɗaukar fansa. Bayan wata ɗaya, ran 21 ga Mayu, mamacin nan ya hau doki ya jagoranci ɗaruruwan mutane zuwa Lawrence, Sanata Atchison na cikinsu. Kafin nan masu taimaka wa alƙali a kotun Alƙali Samuel Lecompte sun ayyana jaridun garin biyu da babban otal ɗinsa a matsayin abubuwan cutar da jama'a. Aka farfasa na'urorin Herald of Freedom da Kansas Free State, aka watsar da baƙaƙen a titi, aka zuba wasu a kogi, aka ƙone otal ɗin. George Brown yana tsare a lokacin, ana tuhumarsa da cin amanar ƙasa.

Mutum ɗaya ne ya mutu a wannan hari, shi ma daga cikin maharan, ɓaraguzan otal ne suka faɗo masa. Amma rahotannin farko da suka isa jaridun Arewa sun nuna gari ya zama toka, an yi wa mutane kisan gilla. Ƙarya ta haifi harin, wata ƙaryar ta kai labarinsa. Washegari Preston Brooks ya lakaɗa wa Sanata Charles Sumner dukan sanda a zauren majalisar dattawa, kwana biyu bayan haka John Brown da mutanensa suka kashe mutum biyar a Pottawatomie, sabuwar jam'iyyar Republican kuma ta sami taken yaƙin neman zaɓenta na 1856, Kansas mai zubar da jini. Masanin tarihi Dale Watts ya bi bayanan ɗaya bayan ɗaya, a 1995 ya fitar da cewa kashe-kashen da za a iya tabbatar da na siyasa ne a yankin tsakanin 1854 da 1861 guda 56 ne. Rai 56 ba abin wasa ba ne. Amma wanda ya san Kansas ta jaridun lokacin kawai zai rantse dubbai ne.

Akwai wani ɗan labari da masu rubuta tarihin jaridun Kansas ba sa iya tsallakewa, ni ma ga shi ban iya ba. Mutanen Lawrence sun tattara baƙaƙen dalmar da aka watsar, suka narka su suka yi harsasan igwa, ran 16 ga Agusta, 1856, suka harba su kan sansanin masu son bauta da ake kira Fort Titus, ana raha cewa sabuwar fitowar Herald of Freedom ce. Labari ne mai daɗi, kuma daɗinsa ne matsalarsa. Yana ba mu hoton da muke so: jaridar mugaye a gefe guda, jaridar 'yanci da aka zalunta a ɗaya gefen, har baƙaƙenta suka tashi suka rama.

Ba na cikin masu cewa duk kanwar ja ce. Ɓangare ɗaya yana faɗa ne don a ci gaba da saye da sayar da mutane, ɗaya kuma yana faɗa don kada a kawo wannan ciniki Kansas, kuma wanda ya daidaita su ya yi wa gaskiya ƙeta. Editan Herald of Freedom bai jefa kowa a kogi ba. Amma idan ana maganar aikin jarida, nisan da ke tsakaninsu bai kai yadda labarin igwar ke nunawa ba. Ita ma Herald of Freedom da bashin kamfanin masu ƙaura ta tsaya da ƙafarta, ita ma aikinta na farko shi ne ta jawo mutanen gabas su zo su sayi fili, har maƙwabciyarta Kansas Free State, wadda suke ɓangare ɗaya, ta riƙa yi mata gorin zama bakin kamfani. Da Brown ya fito daga tsare ya farfaɗo da jaridar a ƙarshen 1856, sai ya sassauta, ya goyi bayan shiga zaɓen da gwamnatin yankin ta shirya a 1857, masu tsattsauran ra'ayi na ɓangarensa suka ce an saye shi. Jaridar ta mutu a 1859. Shi kuwa ya shafe tsufansa yana rubuta littattafan ƙaryata 'yan'uwansa na gwagwarmaya, musamman masu ɗaukaka John Brown, wanda suna kawai suka haɗa. Duk mai son ya ɗauki ɗaya daga cikin jaridun nan a matsayin shaida sai ya fara tambayar wa ya biya kuɗin takardar.

Akwai kuma waɗanda duk jaridun biyu suka yi ta magana a kansu ba tare da sun yi magana da su ba. Ƙidayar 1855 ta sami bayi ƙasa da 200 a duk faɗin Kansas. A shafukan Squatter Sovereign bawa dukiya ce, kamar alfadari, ana ambatonsa idan ana lissafin haƙƙin mai shi. A ɓangaren 'yanci kuwa, a Disambar 1855, lokacin da suka jefa ƙuri'a kan tsarin mulkinsu na Topeka, sun amince da rinjaye mai yawa cewa a hana baƙaƙen fata 'yantattu zama a Kansas. Da yawansu ba bawan suke tausayi ba, gasarsa suke gudu. Ƙasar da ake yankawa fuloti kuwa, 'yan watanni kafin nan tana hannun Kickapoo da Delaware da Shawnee da wasu al'ummu, waɗanda tun farko daga gabas aka koro su aka ce nan ne nasu, sannan a 1854 aka sa su sa hannu kan sababbin yarjejeniyoyi suka saki mafi yawanta. Na ce ɗazu Kansas Weekly Herald ce jaridar Turanci ta farko, da gangan na sa kalmar Turanci. Tun 1835 wani ɗan mishan mai suna Jotham Meeker yake buga Siwinowe Kesibwi, wato Ranar Shawnee, da harshen Shawnee. Ga mai rubutu da Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne: jaridar farko a wannan ƙasa da harshen 'yan ƙasa aka yi ta, kuma shekara ashirin bayan haka masu cewa su ne mazauna masu cikakken iko suna rubutu kamar ba a taɓa jera baƙi a wurin ba sai da suka zo.

Yadda Squatter Sovereign ta ƙare shi ne ya amsa mini tambayar da na fara da ita. Ba a kai mata hari ba, ba a jefa na'urarta a kogi ba, ba kotun da ta rufe ta. Sayar da ita aka yi. Zuwa 1857 masu ƙaura daga jihohin da ba bayi sun rinjayi kowa yawa a yankin, kuma suna kauce wa Atchison, garin da ya yi suna da ɗora fasto kan gungume. Butler ma da ya dawo a Afrilun 1856 sun sake kama shi, suka shafe shi da kwalta, da ba su sami gashin tsuntsu ba suka manna masa auduga. Irin wannan suna ba ya sayar da fuloti. Muryar yaƙin da aka ɗauko don ta yi wa muryar dillali aiki ta koma tana kore masa masu saye. Sai masu garin suka yi abin da 'yan kasuwa ke yi, suka shirya da abokan gaba. Samuel C. Pomeroy, wakilin kamfanin nan na New England da jaridar ta shekara biyu tana tsine wa, ya sayi hannun jari a garin, shi da abokansa suka karɓi jaridar. Na ɗan lokaci ta ci gaba da fitowa da tsohon sunanta tana faɗin kishiyar abin da ta saba faɗa. Na so a ce na ga fuskar mai karatunta na South Carolina ranar da wannan fitowar ta iso masa.

A Fabrairun 1858 wani matashi mai aikin ɗab'i daga Pennsylvania, John A. Martin, wanda bai cika shekara 19 ba, ya saye ta ya sauya mata suna zuwa Freedom's Champion, wato gwarzon 'yanci. Gari ɗaya, maɗaba'a ɗaya, yabon mashigar jirgin ruwa da lanƙwasar kogi yana nan yadda yake. Pomeroy ya zama magajin garin Atchison, daga baya sanata, bayan Kansas ta shiga tarayya ran 29 ga Janairu, 1861, a matsayin jiha marar bayi. Stringfellow ya koma Virginia. Martin ya yi sakataren taron Wyandotte da ya rubuta tsarin mulkin jihar a 1859, ya yi yaƙin basasa a rundunar Arewa, ya dawo kan jaridarsa, a 1885 ya zama gwamnan Kansas.

Ba ina cewa Stringfellow da Kelley ba su yarda da abin da suke rubutawa ba. Sun yarda, wanda ya tura mutum cikin kogi da hannunsa ba wasan kwaikwayo yake ba. Abin da nake cewa shi ne ba yardarsu ce ta riƙe jaridar ba. Masu fuloti ne suka kunna ta, su ne kuma suka kashe ta ranar da lissafi ya juya, kuma a duk shafukan da na bi ban ga inda mutanen garin suka tsaya suka ce abin da muka buga a 1855 kuskure ne ba. Sun dai daina bugawa.

Pardee Butler bai bar gundumar ba. Ya dawo da iyalinsa, ya yi noma, ya ci gaba da wa'azi, har aka sa wa wani ƙauye a gundumar Atchison suna Pardee. Ya rasu a 1888, lokacin Martin yana kan kujerar gwamna.